Alƙiblar Sabuwar Unguwa

Da sunan Allah, Ubangijin gabas da yamma. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya da iyalinka, kuma ciwon gwiwar ya yi sauƙi.

Ka tambaye ni labarin gidajen da mai kamfanin gini ya yi a bayan gari. Ya ci nasara. Takardun filinsa tsaf suke, ya jawo ruwa da hanya kafin ya aza tubali, kuma ba ya gini sai ya tambayi masu zama abin da suke so. Don haka ya roƙe ni in tsayar masa da alƙiblar masallacin unguwar. Na ɗauko ta daga tsohon masallacinmu, inda na yi limanci shekara arba'in. Mutane suka riƙa saye, suna cewa Malam ya sa hannu.

Jiya wani mai awon filaye da ya tare a can ya aza na'urarsa a mihrabi, a gabana. Mun karkace zuwa dama, karkata mai yawa. Mai kamfani ya roƙe ni in yi shiru har a sayar da gidajen da suka rage. Na dawo gida na ci abinci, ban san me na ci ba.

Wanka.

Zuwa ga ƙanena,

Bayan gaisuwa, wasiƙarka ta iso. Na san hukuncin da ka tunatar da ni, cewa sallar wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ta inganta. Ni na karantar da kai shi. Ya shiga kunnena, bai wuce nan ba.

Na faɗa wa jama'ar sabon masallacin bayan la'asar. Ba wanda ya zarge ni. Wani dattijo ma ya ce ashe shi ya sa addu'arsa ta samun mota take sauka gidan maƙwabcinsa. Aka yi dariya. Masu saye biyu sun janye, mai kamfani ya daina gaishe ni.

Ba a rushe komai ba. An ja layuka a karkace bisa daɓe. Yanzu a kusurwa nake tsayawa in ja salla, mihrabin kuwa tsintsiya ake ajiyewa a ciki.

Gobe zan je tsohon masallacinmu da igiya da alli.

Allah Ya daidaita fuskarka da zuciyarka, Ya yi wa zuriyarka albarka. Amin.

Wanka.