Saki Sandar, Tanko

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, a makwancinki da ke Funtuwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi da biyayya, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima da haske. Idan kin tambayi lafiyarmu, muna nan ƙalau a Manchester, sai sanyi da ruwan saman da ba ya jin gajiya. Ni ne Tanko. Na san za ki ce yaushe Tanko ya iya wasiƙa, shi da ko firamare bai ƙarasa ba. Ki yi haƙuri da rubutun, abokaina na waya da ke leƙen abin da nake rubutawa sun riga sun saba da shi.

Dalilin wannan takarda shi ne takwararki. Tunda ba na iya kama sunanki, Ummi muke ce mata. Kin rasu tana ciki, ba ki samu kin shafa fuskarta ba. Ta gaji sunanki, ta gaji tsiwarki, sannan ta gaji idonki. Tun tana sakandare ya fara dusashewa, kafin ta gama jami'a ya rufe gaba ɗaya.

Kin san ba ilimina ya kawo mu ƙasar nan ba. Surukarki ce nas, asibiti ya ɗauke ta aiki, ni kuma na biyo ta da akwati. Takardar biza ma ta faɗi gaskiya, ta ce ni ɗan rakiya ne. Kin ga rabo: a Funtuwa ɗan jagora, a Ingila ɗan rakiya. Yanzu gadi nake yi a wani babban kanti, sai dai a nan mai gadi da nektai yake.

Kina tuna yadda muke tafiya kasuwa? Ke kin riƙe kan sanda, ni na riƙe bakinta, ina gaba kina baya, jarkar man gyaɗa a kanki. Haka muke tsallake layin dogo, haka muke ratsa 'yan kaji. Malamin ajinmu ya gaji da nemana, ni kuwa ban yi kuka ba, don dama ni da lissafi ba ma ga-maciji. In mun dawo, da ƙafarki ta taɓa dokin ƙofar zaure sai ki ce, "Saki sandar, Tanko, nan na sani." Ni kuma in ruga wajen ƙwallo.

Da idon Ummi ya rufe, kansil, wato ƙaramar hukumar nan, ta ba ta farar sanda mai ƙwallo a baki, ta turo wata mata tana koya mata hanya daga gidanmu na Withington zuwa cikin gari a taram. Taram, Inna, ƙaramin jirgin ƙasa ne na cikin gari. Ba irin namu ba ne da tun yana nesa kin ji shi a ƙirjinki. Wannan da lantarki yake, sulalowa yake yi kamar mage. Tashar ba mai tikiti, ba ɗan dako, ba wanda za ki tambaya. Dakalin da ake tsayawa ya kai ƙugun mutum tsawo daga layin, a bakinsa an shimfiɗa duwatsu masu ƙuraje don ƙafar makaho ta san ta zo gaɓa. Akwai lasifika mai faɗin inda jirgi ya nufa, amma wata rana iska ta kwashe maganar, wata rana ta yi gum kamar an yi mata laifi.

Ba su yi nisa da darasi ba aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu. Aka rufe ɗakin karatun unguwa, aka rage ma'aikata, matar nan aka haɗa mata aikin da a da mutane da yawa ke yi. Ta kira Ummi tana ba da haƙuri, ta ce an sa ta a layin jira. Muka jira har itatuwa suka zubar da ganye suka sake tohowa.

Sai na ce, me ake jira alhali ga tsohon ma'aikaci a gida? Ni da na yi jagora tun kafin a haifi matar kansil? Na kama bakin farar sandar nan, na shige gaba, ina tafe ina fankama. Turawa na kallonmu, na ɗauka burge su nake yi. Ummi ta yi magana sau ɗaya, a hankali, cewa ba haka ake yi ba. Na ce mata kakarta ba ta taɓa faɗuwa a hannuna ba. Sai ta bar ni na ci gaba da jan ta, don yaro ba ya musu da uba.

Wata safiya muna kan dakali sai ga Dokta Lawal, mutumin Malumfashi, dattijo mai mutunci. Ke kika koya min ba a gaida babba da hannu ɗaya. Na saki sandar, na ba shi hannu biyu. Mun wuce gida, mun wuce iyali, muna kan ya sanyi, taram ya shigo. A ranar, jirgi biyu aka haɗa, ɗaya na jan ɗaya, kuma a mahaɗarsu akwai fili kamar faɗin ƙofa, ƙasansa rami har kan layi.

Ummi ba ta san inda take a dakalin ba, don ba ita ta kawo kanta wurin ba, jan ta aka yi. Ta ji ƙofofi na kuka, ta bi jikin jirgin da sanda, ta ji fili, ta ɗauka ƙofa ce. Ta ɗaga ƙafa. Sandar da ta riga ta gaba ta nemi ƙasa ta rasa. Sai ta tsaya cak.

Lokacin da na waiwaya, takalminta ya wuce ƙurajen nan, jirgin kuma ya fara motsi yana shafar bakin mayafinta. Inna, hannuna na cikin na Dokta har lokacin. Shi ya riƙe ni, ba don haka ba da a ƙasa za a tsince ni, da nektai da komai.

Ba ta yi ihu ba, ba ta yi min faɗa a gaban mutane ba. Sai da muka koma gida ta ce min, da Hausarta ta Manchester mai tafiya kamar da takalmin aro, "Baba, sandar nan ita ce idona. In ka riƙe bakinta, ka rufe min ido karo na biyu."

Na daɗe ina juya maganar. Sandarki igiya ce tsakanina da ke. Tata yatsa ce da take shafa ƙasa da ita. Har na fara tambayar kaina ko ke ma kin fi ni sanin hanyar kasuwar nan, kika bar ni ina gaba don in ji ni ma wani ne.

Wasu makafi da ke haɗuwa a wani ɗaki a Hulme, su suka ƙarasa mata darasin, ba ko sisi. Suka ce kullum ta tsaya can gaba, daidai ƙofar da ke bayan direba, inda ba mahaɗa. Suka ce kar ta taka sai sanda ta ji dabe. Ni kuma aka sallame ni daga aiki, amma na koma bin ta a ɓoye, ina laɓewa bayan na'urar tikiti. Ba a jima ba ta aiko uwarta ta gaya min in zan yi leƙen asiri in rage turare.

To, ga inda maganar take. Ta samu aiki a Birmingham, a wani ofis da ke ba da shawara ga waɗanda aka yanke wa tallafi. Za ta zauna a Sparkbrook wajen ƙanwar surukarki, ta hau bas ta Stratford Road zuwa cikin gari, daga nan ta hau taram. Na ce a'a tun ba a gama faɗa min ba. Uwarta ta ce magana na hannuna. Ummi ta ce in ban sa albarka ba ba za ta je ba, kuma na san ba wasa take ba. Wannan ne ya hana ni sukuni. Da gardama ta yi, da na samu abin faɗa.

Na ce mu je in gani da idona. Taram ɗinsu daban ne. Dakalin gajere ne, ba ramin da za a faɗa, kuma akwai kwandasta a ciki, mutum mai baki da kunne. Amma a tsakiyar gari kan titi yake bi, cikin masu tafiya a ƙafa, shiru, sai 'yar ƙararrawa. Ko'ina da irin haɗarinsa.

Sharaɗi ɗaya ta gindaya min: in zuba hannuwana a aljihu, kar in fitar. Ta sauka daga bas, ƙwallon sandar na gara dama da hagu. Ta samu ƙurajen, ta tsaya, ta karkata kai kamar yadda kike yi in kina sauraron jirgin Kaura. Wani bawan Allah ya cafko hannunta zai tsallakar da ita, ta yi masa godiya ta karɓe abinta. Taram ya wuce gabanta, ta bari ya gama wucewa, sannan ta tsallaka. Ni kuwa ina baya, na yi ta dunƙule hannu har na huda aljihun kwat ɗin, makullaina suka zube cikin shafi.

Da nata jirgin ya zo, sanda ta shiga, ta ji dabe, ƙafa ta bi. Sai ta juyo daidai inda nake tsaye, turare dai ya sake tona ni, ta ce, "Koma, Baba, nan na sani."

Ban san ko ni na taɓa ba ta labarin zauren nan ba, ko kuwa jini ne. Muryarki na ji, Inna. Kafin ƙofa ta rufe na ce Allah ya yi mata albarka, da ƙarfi, har kwandasta ya ce amin da irin nasa yaren, ko dai ni na ji haka. Daga nan na juya zan koma tashar jirgin Manchester, na ɓace. Sai da na kira ta a waya ta kwatanta min hanya.

Ba zan ɓoye miki ba, tsoron bai tafi ba. Lasifika na nan da halinta, layin jiran kansil na nan, akwai 'ya'yan wasu a kansa. Ki ba ni izini in gaya wa masu leƙen takardar nan abu ɗaya: in sun ga mai farar sanda a tasha, su yi sallama, su tambaya. In ya ce yana so, su ba shi gwiwar hannu ya riƙe. Kar su taɓa sandar.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya haskaka kabarinki, ya mayar miki da ganin da ya karɓa da wanda ya fi shi. Allah ya tsare takwararki a kowane dakali, ya sa sandarta ta riga ƙafarta. Ni kuma ya ba ni ikon barin hannuna a aljihu.

Na saki sandar, Inna. Sai dai yanzu ba ƙwallon da zan ruga.

Ɗanki mai biyayya,
ɗan jagora mai ritaya,
Tanko.