Turancin Geok Hoon a Gaban Kakanni

Litinin, 6 ga Maris

Yau na sami ɗaliba. Shekara da shekaru ina fassara takardun kaya a kamfanin jiragen ruwa, ba wanda ya taɓa roƙona in koya masa ko harafi ɗaya, sai ga matata Geok Hoon ta dire mini kofi ta ce, "Malam, a buɗe makaranta."

Gidan zuri'armu, tsohon ginin da dangi ke girmama kakanni a ciki, na neman mai zagayawa da baƙi 'yan yawon buɗe ido, ita kuma ta ƙwallafa rai. Tun da ciwon wuyan hannu ya sa ta rufe rumfar taliyarta take zaune a gida kamar kazar da ruwa ya daka. Jarrabawa ranar 22 ga Afrilu: a gaban dattawan kwamiti za a ba mutum shafin Turanci ya karanta, ya juya musu shi zuwa Hokkiyan, yaren da muka gada, don su tabbatar ya san abin da bakinsa ke faɗi. Turancinta kuwa na 'yar sakandaren da aka cire ta taya uwarta sana'a ne, sai ɗan abin da ta tsinta a bakin masu cin taliya.

Na amsa. Na kuma sanar da ita duk tsibirin Penang ba za ta sami malami kamata ba. Ta ce ta sani, ga shi kuma ba a biya.

Alhamis, 9 ga Maris

Na ba ta labari daga littafin auna fahimta. Wani mutum ya kai uwarsa gidan tsofaffi saboda an yi masa canjin wurin aiki. Tambaya: me ya sa ya kai ta? Ta rubuta: don ba shi da tarbiyya.

Na ce ba haka labarin ya ce ba. Ta ce, "Ai labarin kare shi yake yi." Na ce ba hukunci aka tambaye ta ba, abin da ke rubuce ake nema. Ta ce to ashe Turawa ba fahimta suke aunawa ba, haƙuri suke aunawa.

Na yi dariya a banɗaki. Malami ba ya dariya a aji.

Talata, 14 ga Maris

Fassara. A labarin, mace ta ce da mijinta ya fice mata daga gida kada ta ƙara ganinsa. A bakin Geok Hoon abin ya koma, "Ɗan fita ka sha iska, Baban yara." Duk wanda ya bi ta bakinta sai ya fito da ladabi. Ɗan fashi ma sai da ya ce don Allah.

Na kafa mata doka: mai fassara ɗan aike ne. Abin da aka ba shi shi zai kai, ba ƙarin gishiri, ba rage yaji. Na faɗi abin da kyau har ni kaina ya burge ni.

Asabar, 18 ga Maris

Ta ci takwas cikin goma. Hannun malami ne.

Lahadi, 26 ga Maris

Ƙamusina ya koma kicin, bangonsa duk mai. Tana karanta bayan kwalin magani, tana karanta allon gargaɗin cikin lifta, jiya har takardar injin wanki ta fassara mini daga farko zuwa ƙarshe ina cin abinci. Yanzu na san abubuwan da ba a wankewa da ruwan zafi.

Ta daina gyara wa mutanen littafi hali. Takan kawo maganar yadda take, sannan ta ja tsaki daga baya. Na yarda da tsakin, tunda ba a rubuta shi.

Laraba, 5 ga Afrilu

Ranar sharar kaburburan kakanni ta shekara-shekara. Mun kai lemo da naman kaza, mun kunna turare, rana kamar ta fasa kai. A gindin tudun muka haɗu da Kawu na Uku, shugaban kwamiti, ana riƙe masa lema. Ya ce, "Surukarmu, an ce kin koma aji? Madalla. Miyarki dai muke kewa." Sannan ya sako zancen cewa jikar amininsa ma na neman aikin, Yoke Peng, wadda ta yi karatu a waje.

Ya kuma faɗi inda shafin jarrabawa zai fito: littafin nan na cikin akwatin gilashi a gidan zuri'a, wanda wani Baturen mulki ya rubuta, mai hoton Kaka Babba da ya kafa gidan.

Na karanta littafin nan tun ina saurayi. Na san abin da ke ciki. Kazar ma ban ji daɗinta ba.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Babin Kaka Babba shafi biyu ne kacal, ba ta inda za a kauce. Baturen ya yaba masa: ya gina makaranta, ya gina gidan zuri'a, ya binne marasa galihu. A tsakiya kuma ya faɗi inda dukiyar ta fito. Ofiyam, baƙar tabar nan mai cinye mutum, yake sayar wa leburorin haƙar kuza, waɗanda shi da kansa ya kwaso daga ƙauyensu a jirgi.

Kowane dattijo ya sani. A gidanmu "fataucin magani" ake cewa, a wuce. Littafin kuwa ana alfahari da shi ne don hoton, kuma don da Turanci yake, ba ya magana sai an matsa masa.

Juma'a, 21 ga Afrilu

Da rana na samo mata babin daga laburare, muka zauna. Ta bi shi tiryan-tiryan, ta duba kalma uku a ƙamus, ta iso wurin. Sannan ta juya shi daidai, ba ragi.

Na yi gyaran murya na ce gobe fa a gaban allunan sunayen kakanni za a yi, ga turare na ci, ga Kawu na Uku. Idan ta zo nan ta ce magani kawai. Ai a zamanin ma wasu a matsayin magani suke shan sa. Har tarihi na jawo mata.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Malam, ɗan aiken naka yau ya sami gishiri ke nan?"

Na ce doka daban, neman aiki daban. Ta ce wata ɗaya da rabi ina ja mata jan layi a kan ɗan fita ka sha iska. Ta rufe littafin ta tafi kwashe shanya.

Asabar, 22 ga Afrilu

An bar mu 'yan rakiya muka tsaya a tsakar gida, muna jiyo komai.

Yoke Peng ce ta fara. Turanci kamar ruwan famfo. Hokkiyan ɗinta na ɗingishi, amma yarinyar na da wayo: da ta zo wurin sai ta ce ya yi fataucin kayayyaki iri-iri. Dattawa suka gyaɗa kai.

Sai Geok Hoon, cikin rigarta ta zuwa biki. Karatun da tsaitsayawa, wasu kalmomin ta taka su kamar mai tsallake kwata. Amma da ta juyo Hokkiyan, har mai shara ya jingina tsintsiya. Makarantar, gawarwakin da ya binne, duk ta ba shi haƙƙinsa. Ta zo wurin, ta faɗa. Tabar, leburorin, jirgin. Da murya ɗaya da wadda ta faɗi makarantar.

Ni dai ƙafata nake kallo.

Kawu na Uku ya ce, "Surukarmu, haka takardar ta ce?"

Ta ce, "Haka ta ce, Kawu. Yadda aka ba ni na kawo."

Ya ce ta gaida gida. Muka shiga mota. Da muka kusa kasuwa ta ce in tsaya ta sayi albasa.

Lahadi, 23 ga Afrilu

Ba labari daga kwamiti. Ta wanke labulayen gidan kaf.

Laraba, 26 ga Afrilu

Kawu na Uku ya kira. Ni ya kira, don ya fara da ni. Ya ce ya san wanda ya zuga ta, masu karatun littafi ba sa barin matattu su huta. Ban gaya masa ni magani na ce a ce ba. Na karɓi zagin, ya fi mini kyau.

Sannan ya ce an yi gardama har shayi ya huce. Wasu sun ce ta zubar da mutuncin gida. Shi kuwa ya ce musu baƙin yanzu kowa da waya a hannu, kana magana yana dubawa. Gara su ji daga bakin 'yar gida da a kama mai zagayensu da ƙarya. An ba ta aikin, gwajin wata uku. Littafin kuma an juya shafinsa zuwa hoton jirgin ruwa.

Na fito na gaya mata. Ta ce to. Ta shiga kicin ta kunna famfo, ya daɗe yana zuba.

Na gaya wa mutum huɗu a ofis. Wataƙila shida.

Asabar, 13 ga Mayu

Ba zuwa na yi ba. Hanya ce ta biyo da ni ta gidan zuri'a, ruwa kuma ya sauko, dole mutum ya fake.

Tana gaba da baƙi wajen goma sha biyu, tana nuna musu dodannin da aka sassaƙa a kan rufi da hannun da ba ya ciwo. Na tsaya can baya. A jimla ɗaya ta yi kuskure biyu, na ji su sarai, bakina har ya buɗe. Ba wanda ya lura. Suna ta dariyar wani abu da ta ce game da girkin matan da.

Wata Baturiya ta gan ni da tabarau da littafi a hammata, ta matso ta nuna rubutun zinaren da ke saman ƙofa, ta tambaye ni me yake nufi. Na san shi tun ina yaro. Har fassara biyu gare ni, ɗaya ta fi ɗaya daɗi.

Na ce ta tambayi mai zagayen, ni mijinta ne kawai, na zo fakewa.

Ruwan ya daɗe da ɗaukewa kafin in tafi.