Kaina Na Sunkuyar, Ban Saci Amsa Ba

Zuwa ga Shugaban Sashen Adabin Turanci,
Kwalejin da nake karatu, Kuala Lumpur.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya a wannan lokaci da kowa ke zaune a gida yana sauraron labarin annoba.

Sunana Hadiza, 'yar Najeriya, ɗalibar ajin ƙarshe a sashenka, ina zaune a unguwar Cheras. Ni ce wadda kwamitin ladabtarwa ya rubuta wa cewa ta yi satar amsa ranar kare kundin digirinta. Na rubuto maka sau biyu da Turanci. Amsa ɗaya na samu, ita ma na'ura ce ta turo, wai ofis a rufe yake saboda dokar kulle. Shi ya sa na fito fili. Wannan wasiƙar na rubuta ta da Hausa don iyayena da 'yan'uwana ɗalibai su karanta da kansu, fassararta kuma tana akwatin saƙonka.

1. Saboda kulle, ta bidiyo aka yi jarrabawar. Ina zaune a ɗakina, kwamfuta a kan akwatin kaya. Kafin a fara sai da na zagaya da kyamara aka ga ko'ina, har ƙarƙashin katifa. Mutum uku suka jarraba ni: malamata da ta duba aikin, da wani matashin malami, da baƙon farfesa daga wata jami'a, dattijo mai furfura fat, wanda da a gida ne sai na durƙusa kafin in gaishe shi. Na amsa tambayoyi, aka sallame ni, har malamata ta yi murmushi. Bayan mako biyu takarda ta zo. Wai manhajar kwamfuta mai sa ido a kan ɗalibi ta nuna idona yana ta barin allo yana komawa ƙasa, musamman idan farfesa ke tambaya, don haka kwamiti ya gamsu ina karanta wani abu da na ɓoye a cinya. Aka riƙe sakamakona, ba wanda ya kira ni ya ji ta bakina.

2. Ban san ko wani a kwamitin ya buɗe kundin ba, don haka bari in faɗi abin da ke ciki. A kan ido na yi rubutu: wa ke da ikon kallon wa a littattafan hikaya da wasannin kwaikwayo da waƙoƙin Amurka. A littattafan da suka ba da labarin kudancin ƙasar a zamanin wariya, baƙar fata idan ya haɗu da Bature a hanya sai ya kauce, ya cire hula, ya kafa ido a ƙasa, don kallo ɗaya yana iya jawo masa asarar rai. A wasannin da aka gina kan uba da ɗansa a birni kuwa, uba yakan hori ɗa ya dubi mutum ido cikin ido in za su gaisa, wai wanda ya kasa maƙaryaci ne. Na nuna cewa sau da yawa wanda ya fi kowa iya wannan kallon a wasan shi ne ya fi kowa ƙarya.

Babi na uku na waƙa ne, kuma shi na fi so. Na bi ta daga gonakin auduga zuwa coci, daga coci ta hau jirgin ƙasa da masu ƙaura zuwa biranen arewa. A can mawaƙi ya hau dandali, ya sami damar kallon jama'a duka. To wasu sun kalla, wasu sun rufe ido, wasu ma baya suka juya suka ci gaba da busa. Na rufe kundin da cewa ɗaga kai da sunkuyar da shi ba su da ma'ana ɗaya a ko'ina, sai an tambayi wa ya zaɓa: mai kan, ko wanda ke tsaye a kansa. Wata da watanni ina wannan aiki, laburare a rufe, abincina a ƙunshi nake sayowa daga shagon abinci na ƙasan bene, kunnena cike da tsofaffin fayafayai masu ƙara kamar ana suyar ƙosai.

Tambayar ƙarshe da farfesa ya yi mini ita ce ko sunkuyar da kai kullum tsoro ne ko ɓoye wani abu. Na ce a'a, na ba shi misali da gidanmu. Na ba da wannan amsa ina kallon hannuwana. Da na karanta takardar kwamiti sai da na yi dariya kafin kuka ya zo.

3. Hannuwana nake kallo, ranka ya daɗe, ba komai a kansu sai ragowar lalle. A gidanmu yaro ba ya tsura wa babba ido. Ina 'yar ƙarama na taɓa ƙura wa aminin babana ido yana mini magana, bayan ya tafi mahaifiyata ta murɗe mini kunne har yau ina tunawa. Tun daga ranar, da babba ya buɗe baki wuyana ke yin ƙasa da kansa, ban ma san na yi ba. Ku sake kallon bidiyon. Malamata mun saba, ita ina ɗago kai in dube ta. Matashin malamin ma haka. Dattijon ne kaɗai na kasa. Wace irin mai satar amsa ce take buƙatar takarda ga tambayar mutum ɗaya, ta bar tambayoyin mutum biyu?

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarku. Kafin annoba nakan je unguwar Kampung Baru cin abinci, na sha ganin samari suna ranƙwafawa, hannu ɗaya a ƙasa, idan za su gifta ta gaban tsofaffi. Ku kun san wannan ladabi. Manhajar ce ba ta sani ba, ita kuma aka bar wa hukunci.

Ba zan wanke kaina tas ba. An turo mana ƙa'idoji, a ciki an ce ɗalibi ya fuskanci kyamara. Na karanta, na ɗauka ana nufin kar in tashi daga gabanta. Bai zo mini a rai cewa ƙwayar idona za a bi ba. Wannan kuskurena ne, na yarda. Amma kuskure daban, sata daban.

4. Takardar izinin zamana ta ɗalibta ta kusa ƙarewa, kuma ba a sabunta wa wanda sashe ya dakatar. In ba a duba maganar nan ba, zan koma gida ba digiri, da kalmar maguɗi a fayil ɗina, duk jami'ar da na nema sai ta gani. Wannan kalma ce ke damuna fiye da shekara huɗun da na yi ina karatu a nan. Ranar da na gaya wa babana a waya, sai ya ce, "Hadiza, kin yi?" Na ce ban yi ba. Bai ƙara tambaya ba. Amma a ce babana ya kai ga yi mini wannan tambaya, wallahi abin ya yi mini ciwo, kuma ba laifinsa ba ne.

Saboda haka ina roƙonka abu uku. A sa mutum mai ido da hankali ya kalli bidiyon daga farko har ƙarshe. A tambayi malamata, wadda ta ga kowane babi tun yana shirme. In har yanzu akwai shakka, a sake jarraba ni, da madubi a bayana ko kyamara ta biyu a kan cinyata, a yi mini tambayar da aka ga dama. Ina kuma roƙo a gaya wa ɗaliban da ke bayana, tun kafin su zauna, cewa a wannan jarrabawa ana ƙirga inda ido ya faɗa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya kare ka da iyalinka daga wannan cuta, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya.

In kun sake kira na, zan ɗaga kai. Kullum ina gwadawa a madubin banɗaki, ina ɗaukar fuskata a matsayin ta farfesa, yanzu ina iya kai ƙarshen jimla ban sauke ido ba. Zan dube shi ido cikin ido tun daga gaisuwa har sallama, manhajarku ta rubuta cewa ni mai gaskiya ce. Amma ina so a rubuta a gefe cewa a ranar ne zan fara yi wa dattijon nan rashin kunya.

Wassalam.

Hadiza,
Cheras, Kuala Lumpur.