Takardar da Kika Bari a Yamai

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta 'ya ga uwarta, ina fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Shekara biyu ke nan da 'yan watanni tun da muka rabu, ban taɓa rubuta miki ko layi ɗaya ba, domin a sanina ba ki karanta boko. Yau na rubuta. Na kuma ajiye wasiƙar a shafina na intanet inda jama'a za su gani, saboda abin da na gano ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai.

Bari in fara ba ki labarin gari. Garinmu Gaya ba yadda kika bar shi yake ba. Sojoji sun karɓi mulki, an rufe iyaka, gadar Malanbil da kike haurawa Benin da buhunanki an toshe ta. Manyan motoci sun yi jerin gwano har ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, masu larura kuma a kwalekwale suke tsallakawa. Najeriya ta yanke kuran, wato wutar lantarki, sai a wuni ba a gan shi ba. Cikin wannan hali Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Ni ce babba, don haka na tattaro kayana daga Yamai, na taho da memuwar ɗina, wato kundin binciken kammala karatu, ko rabi bai kai ba.

Ranar da zan taho na biya ta ɗakin karatu na jami'a in mayar da littattafai. Akwai wani dattijo da ya daɗe yana aiki a wurin, ya rubuta mini suna da kalmar sirri a 'yar takarda. Ya ce, "Ɗiyata, an zuba takardunmu a intanet. Ko a gona kike, in dai akwai rezo, ɗakin nan yana hannunki."

In dai akwai rezo, wato sabis ɗin waya, Inna. A gidanmu babu shi sai ɗan kaɗan. Kullum in na ba Baba kunu da magani, sai in bi ta shagon tela mai faifan hasken rana in cika batirin ordinater, kwamfutata, daga nan in gangara bakin kogi, ƙarƙashin mangwaron da mata ke shanya wanki. A nan ne rezon Benin ke tsallako ruwa ya same ni, daga ƙasar da aka hana mu shiga. Takarda ɗaya sai ta cinye mini hantsi kaf tana saukowa, ta kai gab da ƙarshe, ta katse.

Na gaji. Ba zan ɓoye miki ba, na riga na rubuta wa malamin da ke duba aikina saƙo cewa na haƙura da karatun. Ban aika ba tukuna. Na ce ran Alhamis zan yi nema na ƙarshe, don in iya ce wa kaina na ƙoƙarta, sannan in danna.

Kin san abin da nake bincike a kai, matan da ke turara shinkafa a ƙasar Gaya, sana'ar da kika ciyar da mu da ita. Ran Alhamis ɗin na rubuta kalmomi uku da Faransanci: Gaya, shinkafa, mata. Sunayen takardu 'yan kaɗan suka fito, duk na san su, sai ta ƙasa. Tsohon memuwar ne, ya girme ni. Na dubi sunan mai shi, sai na ga sunanki.

Na yi murmushi, na ce takwarar Inna. Sai na ga sunan mahaifi, sunan Kaka ne. Sai na ga inda aka haife ta, Bengu. Duk da haka na ce duniya da faɗi. Na danna. Shafin ya riƙa buɗewa a hankali, daga sama zuwa ƙasa, layi bayan layi, rubutun tsohuwar na'urar buga takarda. A shafi na biyu an rubuta cewa an sadaukar da aikin ga mahaifiyarta mai turara shinkafa, da ƙannenta uku, Zali da Sani da Issufu.

Inna Zali. Kawu Sani. Kawu Issufu.

Ban san na yi salati da ƙarfi ba sai da wata mai wanki ta taso, hannunta da kumfa, tana tambayata wa ya rasu. Na rungume ordinater a ƙirji kamar wani zai ƙwace. Ke ce, Inna? Ke da na sani da zane ɗaure a ƙirji, kina juya shinkafa a rabin duro, hayaƙi na sa ki hawaye? Shafi ɗari da wani abu, da Faransancin da ya fi nawa tsabta? A bangon takardar kuma wani ya rubuta da jan bik, wato biro, cewa ba a gabatar da shi gaban malamai ba.

Tun daga wannan rana nake ta tuna abubuwa, kowanne in ya zo sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na tuna yadda kike miƙo mini takardar likita ki ce, "Karanta mini, Balkisa." Ni kuma in gyara zama, in karanta da ɗaga murya, in fassara miki kalma kalma. Yanzu da na yi tunani, ba ki taɓa cewa ba ki iya ba. Ni na ɗauka.

Na tuna ranar da aka kira iyaye a lise, makarantarmu ta sakandare, kika zo da warin hayaƙi a mayafinki. Shugaban makaranta yana jawabi da Faransanci, ni ina raɗa miki ma'ana a kunne, ina satar kallon ƙawayena ko sun lura. Kika yi ta gyaɗa kai. Da muka fito kika saya mini ƙanƙara mai bisab, wato zoɓo.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta hutun ƙarshe da na yi da ke. Na zo da kaye, littafin rubutuna, da bik, na zaunar da ke a gindin murhu ina miki tambayoyin bincikena. Kika amsa duka, sannan kika ce, "In kin tambayi mata da rani, ki koma ki tambaye su da damina. Amsar ba ɗaya ba ce." Ni kuwa na yi dariya, na ce, "Inna, wannan harkar lakol ce, ta 'yan boko, ba za ki gane ba." Kika ce, "To," kika ci gaba da iza wuta.

Maganar nan ta rani da damina tana shafi na goma sha ɗaya, Inna. Sakin layi guda kika yi a kanta. Na karanta shi sau ba adadi.

Da na koma gida na durƙusa gaban Baba, na juya masa fuskar ordinater. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya shafi wurin da sunanki yake, hawaye na gangarowa ta gefen da ya shanye. Ya yi ta ƙoƙarin magana, kalma ɗaya kawai na tsinta: "Alkawari."

Washegari na bar shi da Kawu Sani, na hau kabu-kabu zuwa Bengu wurin ƙanwarki. Inna Zali ta ga bangon takardar, ta zauna daɓas a kan turmi, ta ce, "Ashe takarda ba ta mutuwa." Ita ta ba ni labarin. Ta ce ke ce mace ta farko a danginmu da ta shiga jami'a. Kin gama aikin, kin miƙa, saura ki tsaya gaban malamai, sai aka rufe jami'a saboda yajin ɗalibai, aka ce kowa ya tafi gida. Kina gida, da damina, mahaifiyarku ta kwanta kwana uku ta cika. Kaka ya riga ya tsufa, ƙannenki kuma ƙanana. Ranar sadakar bakwai kika ɗauki muciyarta kika tsaya a gaban duro.

Ta ce bayan watanni wasiƙa ta zo daga Yamai, an sa miki ranar tsayawa gaban malamai. Kika karanta a tsaye, kika ninke ta, kika tura cikin wuta a ƙarƙashin shinkafa. Ita tana kallo. Daga baya da aka haife ni kika tara su, har da Baba, kika sa suka yi miki alkawari. Kika ce, "Kada yarinyar nan ta taɓa sanin ana iya zuwa bakin ƙofa a juyo."

Inna Zali ta ce, "Ni da kike gani unguwarzoma a gidan likita, da waccan wasiƙar aka dafa karatuna."

Inna, ki yi mini afuwa, amma na yi fushi da ke. Kwana biyu ina fushi. Me ya sa kika bar ni ina miki fassarar abin da kin fi ni sani? Sau nawa na yi kuskure kina ji kika yi shiru? Shekarun da na yi ina kuka a kan darasi ni kaɗai, ashe malama na tsakar gida tana sheƙe shinkafa. Da kin faɗa mini, da na zauna kusa da ke na tambaye ki abubuwa dubu. Yanzu da na san abin tambaya, babu ke.

Kuma dabararki saura ƙiris ta ɓaci. Ba ki faɗa mini ana juyowa ba, amma na gano hanyar da kaina, saƙon yana nan a rubuce a wayata. Na goge shi a kan hanyar dawowa daga Bengu, ina bayan babur.

Na kira dattijon ɗakin karatu na ba shi labari. Sai ya ce akwatuna ne aka samu a wani ɗakin ajiya, aka ɗauki hotonsu gaba ɗaya ba tare da an tantance ba. Ya ce a ƙa'ida wanda ba a gabatar ba ana iya cire shi, in iyalan mai shi sun so. Na ce masa a bar shi. Ban shawarce ki ba, na sani. Kin ɓoye shi shekara talatin da wani abu, ni kuma na bar shi a fili, ga shi har ina faɗa wa duniya. In laifi ne, a kaina yake.

Malamina ya ce in sa aikinki cikin jerin littattafan da na dogara da su. Na zauna zan rubuta, na kasa. Tunda nake ban taɓa furta sunanki ba, kunya ba ta bari. Na buga shi harafi harafi, ina waige kamar za ki shigo ki kama ni.

Saura abu ɗaya in faɗa miki. A ƙarshen memuwar ɗinki kin jera matan da kika yi hira da su. Na bi sunayen ina tambaya a gari. Duk sun riga mu gidan gaskiya, sai guda ɗaya a Tunuga, Iya Dije, ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. Ran Litinin na je na same ta a inuwar rumbu. Da na faɗi ko 'yar wace ce ni, ta ce, "Yarinyar nan mai kaye? Ta ce in ta gama za ta dawo ta karanta mana abin da muka ce." Ta ce shekara da shekaru kuna haɗuwa a kasuwar Gaya, buhunki kusa da nata, ba ta taɓa tambayarki ba. Ta ce, "Na ga ta dawo da muciya, ba da kaye ba. Me zan tambaya?"

A Tunuga babu rezo ko kaɗan, amma na riga na sauke takardar, kwana huɗu na yi a bakin kogi kafin ta kammala. Na buɗe shafin da maganarta take, na karanta mata ina juyawa zuwa Hausa. Yadda ta ce miki ana gane shinkafa ta turaru ta ƙamshi, ba ta ido ba. Yadda ta ce shekarar da kogi ya cinye gonaki, mata ne suka riƙe gidaje. Jikokinta mata suka bar daka suka zagaye mu. Tsohuwa tana dariya tana buga cinya, tana cewa, "Wallahi ni na faɗa! Haka na faɗa, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba." Batir ya mutu muna tsakiyar babi na uku. Ta kama hannuna ta ce in dawo in ƙarasa, kada in daɗe, ita ba ta da shekara talatin ɗin jira kuma.

Jibi zan koma, in Allah ya yarda.

Ya Allah ka jiƙan Inna, ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi. Ka saka mata da alheri a kan abin da ta bari saboda ƙannenta, da wanda ta haɗiye saboda ni. Ka yafe mini maganar da na faɗa mata a gindin murhu, domin ban samu na roƙe ta gafara tana raye ba. Ka ba Baba lafiya, ka ba ƙasarmu zaman lafiya, ka haɗa mu da ita a Aljanna. Amin.

Taki har abada,
'yarki Balkisa,
daga bakin kogi, Gaya.