Guntun Zarto Biyu

Tambuwal, Litinin

Zuwa ga Baffa Maccido,

Assalamu alaikum. Ka gafarta mini wannan ƙarfin hali. Ni ce Ni'imatu, 'yar yayanka Rufa'i. Na san shekara biyu ke nan ba ku magana tun da ka bar shagon ka koma Kebbe, amma ban san wanda zan nufa ba sai kai.

Injin yankan ƙarfen nan mai kwamfuta da kuka kafa tare ya juya wa Baba baya. Mutanen Jabo sun ba shi aikin ƙofar masallacinsu, mai zanen taurari. Falle uku ya yanka, kowanne ya lanƙwashe kamar ganda a wuta. Liman ya ce in na huɗu ya lalace Sakkwato za su kai aikin. Baba ko tuwo ya daina ci sosai.

Na lura yanzu yana ɗaga bakin wutar injin sama ƙwarai, har yatsana zai shige tsakaninsa da ƙarfen. Ko wannan ne dalili? Bai san na rubuto ba. Nuraddeen direba zai karɓo amsa.

A gai da Inna Batula.
'Yarka, Ni'imatu

Kebbe, Laraba

Ni'imatu,

Wa alaikumus salam. Yatsa? Ƙarfe yaka yanka ko nama yaka gasawa? In baki ya yi nisa wuta bajewa takai, ta dafa falle duka, dole shi karkace. Nemi guntun zarton ƙarfe biyu, ki haɗa su, ki zura ƙarƙashin bakin. Tazarar ke nan, kar ta wuce. Kuma kar a yanka taurarin a jere. A yi na tsakiya, a tsallaka kusurwa, a bari ƙarfe shi sha iska.

Amma gaya mini gaskiya. Yaya bai taɓa awo ba, da ido yaka saitawa, har dariya yaka yi mini da zartona. Mutum ba ya ɗaga baki haka sai yana tsoron shi daki ƙarfe. Mi ya samu idonsa?

Allah shi yi miki albarka.
Maccido

Tambuwal, Asabar

Baffa,

Barka da war haka. Na daɗe riƙe da biro kafin na iya farawa.

Tun bayan Sallah Baba ba ya gane fuska sai an yi magana. A asibitin Sakkwato sun ce hasken walda na shekaru da ciwon suga sun cinye idon, ba zai dawo ba. Ya rantsar da mu kada kowa ya ji. Ni nake karanta masa allon kwamfutar, shi ya sa mako uku ban leƙa makaranta ba, ga jarrabawar fita ta matso.

Jiya da ya tafi alwala na saita yadda ka ce. Ƙofar ta fito shimfiɗe kamar tabarma. Na yi zaton zai yi murna. Sai ya shafa fallen, ya lalubo bakin wutar, ya ce, "Wannan awon Maccido ne." Ya ce, "To, har yara sun san na ƙare."

Yau mutanen Jabo sun zo suna ta sa masa albarka, bai fito ba. Makullin shagon ya aiko mini ta hannun Umma. Na rasa abin da zan yi da shi, Baffa. In na buɗe shago na bar makaranta, in na rufe ba mu da abin sawa a tukunya.

Ya hana in ce ka zo, don haka ban ce ba. Sai dai akwai tagogi shida da ke jira, kuma ƙarfensu ya fi wannan kauri. In ba zan dame ka ba, ka yarda in sake rubutowa?

'Yarka, Ni'imatu