Banɗakin Lamduan Ba Kufan Tarihi Ba Ne

Bunruang Saenkam,
Gida mai lamba 41, Ƙauyen Non Makam,
Gundumar Huai Kradon, Lardin Buakam.
9 ga Mayu, 2567 (a lissafin shekarun Buddha).

Zuwa ga
Mai Girma Shugaban Ofishin Yawon Buɗe Ido,
Lardin Buakam.
(Ba ta hannun Dagaci ba, saboda dalilan da za su bayyana a ƙasa.)

Game da: Roƙon cire wurare masu lamba 17, 18 da 19 daga taswirar wuraren yawon buɗe ido na lardi, kasancewar duka ukun suna bayan gidana.

Ranka ya daɗe,

Ina miƙa gaisuwa da tafukana biyu a haɗe daidai goshi, tare da fatan Mai Girma yana cikin ƙoshin lafiya da iyalinsa. Ni ne mai suna a sama, magini, ɗan shekara sittin da bakwai, mijin Lamduan Saenkam. Ban taɓa rubuta wa hukuma takarda ba, ban kuma taɓa ɗaga murya a taron ƙauye ba. Ina neman afuwa idan aka ga kalamina ya yi kaushi a wani wuri, sau huɗu na sake rubutun don in tausasa shi. Ƙorafina shi ne kamar haka:

1. Ginin da taswirar ofishinku ta kira "Kufan Haikalin Non Makam, ƙarni na sha biyu", ni na gina shi da hannuna a watan Fabrairun 2536, wato shekara talatin da ɗaya da suka wuce. Banɗaki ne. Na yi wa matata alkawarinsa shekarar da ta haifi 'yarmu Kanlaya, don ta daina wanka a fili bakin randa da ɗaurin ƙirji, ta kuma daina tafiya masai can ƙarshen gona. Na tara ragowar marmara da aka ƙi a wani aiki, na haƙa rami, na ja bango ya kai ƙugu. Lokacin ina sabon hannu, shi ya sa bangon gabas ya karkace. Sai aiki ya taso a gidan wani, na ce in na dawo zan ƙarasa. Daga nan na gina banɗaki arba'in da uku a ƙauyen nan da maƙwabta, har da na Dagaci mai famfo biyu, nawa kuwa yana nan a ƙugu. Wannan laifina ne, ban ɗora wa ofishinku ba. Na faɗe shi ne don a san shekarun ginin.

2. A watan Agustan bara ofishinku ya aiko wa kowane ƙauye takarda mai gurbi uku, a cike wurin tarihi ɗaya, na halitta ɗaya, na al'ada ɗaya. Mai Girma ya san ƙauyenmu. Shinkafa ce gabas, shinkafa yamma, sai tafki guda da ɓauna ke kwana a ciki. Maƙwabtanmu na Non Yang suna da kogo da ruwa mai zubowa daga dutse, kuma Dagacinmu, Malam Sawaeng, ya ce shi ba zai mayar da takarda babu komai su yi masa dariya a taron gunduma ba. Ya zagaya ƙauye da babur sau biyu, ya tsaya bayan gidana, ya cike gurbi ukun a tsaye.

Ranar 21 ga Satumba aka kawo wani Farfesa daga birni, dattijo mai furfura, da ɗalibai goma sha ɗaya. Ya durƙusa, ya shafa gansakukar bangon, ya bayyana wa ɗalibansa cewa karkatar bangon gabas da gangan aka yi, don ya fuskanci fitowar rana a wani lokaci na shekara. Suka rubuta. Sannan ya juyo gare ni a gaban kowa ya ce, "Maigida, ginin nan ya daɗe a nan, ko?" Ranka ya daɗe, mutumin ya girme ni, ya taho daga nesa, gwiwar wandonsa ta ɓaci, ɗalibansa suna kallonsa da alƙalami a hannu. Ta yaya zan kunyata shi? Na haɗa hannu na ce, "Ya daɗe ƙwarai, Malam." Ban yi ƙarya ba, ko Lamduan za ta shaida ya daɗe. Amma ina roƙon a rubuta cewa kara na yi masa, ba shaida na bayar ba.

3. Game da lamba 17, tarihi. Ranar 3 ga Nuwamba aka kafa allo mai harshe uku, aka zagaye wurin da igiya. Allon ya ce duk wanda ya ƙara ko ya rage dutse ɗaya zai fuskanci hukunci. Abin takaici, a wannan watan ne na sayi siminti, don gwiwoyin matata sun fara ƙin kai ta ƙarshen gona, kuma a karon nan da gaske nake.

Akwai kuma abin da allon ya kira "rubutun da masana ba su kai ga karantawa ba", a kan daɓen ƙofa. Kajin surukata ne suka bi ta kan ɗanyen siminti. Ina wurin, na jefe su da takalmi. Yanzu duk jajiberin ranar da ake fitar da cacar gwamnati mutane suna zuwa da hodar jarirai suna gogawa a sawun kajin don su ga lamba. Goggo Waen mai taliya ta ga bakwai da biyu, kuma bakwai da biyu suka fito. Tun daga ranar ba mai sauraren maganata. Da na ce mata kaji ne, sai ta ce, "Kai Bunruang, hassada ce ke damunka. Shekara talatin kana kwana kusa da arziki, ko sau ɗaya ba ka shafa hoda ba."

4. Game da lamba 18, halitta. Itacen da ya tsiro ta cikin bangon irin ɓauren nan ne da ake shukawa a haikali, tsuntsu ya kawo shi ta hanyar da tsuntsaye ke kawo iri. Na sha cewa zan sare shi. Yanzu an naɗe shi da yadi kala bakwai, kuma Mai Girma ya san itacen da aka naɗe ba a kai masa gatari. Na je wurin Babban Malamin haikalinmu neman mafita, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce komai na duniya mai wucewa ne, ya ba ni ayaba.

A cikin ramin kuma akwai guza, wanda taswirarku ta kira "mai gadin kufai". Ya cinye mana 'yan tsaki goma sha huɗu da agwagwa ɗaya. Baƙi suna jefa masa cinyar kaza gasasshiya, ya yi ƙiba har ba ya iya juyawa a ramin sai ya fito da baya. Ba ni da ƙorafi a kansa shi kansa, dabba ce. Ina dai sanar da hukuma cewa a inda matata ya kamata ta tsuguna yake kwance.

5. Game da lamba 19, al'ada. A nan nake roƙon Mai Girma ya karanta a hankali. Taswirar ta ce, "Wankan randa na gargajiya, kamar yadda kakanni suka yi." Ba kakanni ba ne, matata ce. Shekararta sittin da huɗu. Tana wanka a bakin randa da zane ɗaure a ƙirji ne don mijinta bai gama banɗaki ba, babu wata al'ada a ciki.

Ranar 18 ga Nuwamba motar baƙi ta farko ta iso tana tsakiyar wanka, sabulu a ka. Mai jagora ya ɗaga tuta, mutum talatin suka jeru bayan igiya suka yi shiru, da ta zuba moɗar ƙarshe suka tafa. Ta shiga ɗaki, ranar ba ta ci abinci ba. Mako na zagayowa sai ga ƙaramin allo an ƙara: wanka ƙarfe goma na safe da ƙarfe uku na yamma. Ba a tambaye ta ba. Ta koma wanka gidan ƙanwarta, tafiyar kilomita guda da sanda. Baƙi suka fara ƙorafi cewa sun ga tarihi, sun ga halitta, al'ada ba ta fito ba. Dagaci ya zo da kwandon mangwaro ya zauna a ƙasa da ita, ya ce, "Yaya Lamduan, don darajar ƙauye, ko ƙafa kawai ki riƙa wankewa ƙarfe goma." Amsar da ta ba shi ba ta dace da takardar hukuma ba. Ya tafi da mangwaronsa.

6. A watan Maris wata mata daga cikin baƙi ta faɗi gindin ɓauren tana karkarwa, ta tashi da wata irin murya ta ce ita gimbiya ce mai zama a itacen tun shekara ɗari tara, kuma ruwan sama yana dukanta. Itacen kuwa bai kai shekara ashirin ba. Mutane suka fara kawo wa gimbiya jan lemo da turaren tsinke da rigunan siliki, har suka kai ashirin da shida suna rataye a reshe. Taron ƙauye ya yanke a gina mata ɗaki a wajen igiya kafin damina. Wa zai gina? Magini ɗaya ne a Non Makam. Babban Malami yana zaune, Dagaci yana zaune, tsofaffi duk suna kallona, na haɗa hannu na ce to.

Ranka ya daɗe, cikin kwana uku na gama shi. Bango a miƙe, rufi ja, ƙyaure mai sakata, har tayil na sa. Da simintin da na saya a Nuwamba na yi. Ranar da na ɗora ƙyauren, 26 ga Afrilu, na juyo ina goge hannu sai na ga Lamduan tsaye da sandarta da kwandon sabulu, ta dawo daga gidan ƙanwarta. Ta daɗe tana kallon ɗakin. Ta ce, "Ashe ka iya, Baban Kanlaya." Da zagina ta yi da na fi jin daɗi. Shekara talatin da ɗaya tana yi mini mita a kan banɗakin nan, da safe, da rana, a gaban baƙi, a wurin jana'iza, na saba da ita har ba na jin abinci ya sauka sai ta yi. Daga ranar ba ta ƙara ambatarsa ba.

7. Ranar Lahadi, 5 ga Mayu, 'yarmu Kanlaya ta zo da mota daga babban birni ta ɗauki uwarta. Ta ce ɗakinta yana hawa na tara, ƙanƙane ne, amma banɗaki taku huɗu ne daga gado. Lamduan ba ta son birni, ba ta son injin hawa bene, ta ce shinkafar can ba ta da danƙo. Duk da haka ta shiga motar. Na riƙe murfin ƙofa na ce yaushe za ta dawo. Ta ce, "Ranar da zan shiga in ja ƙofa in rufe, ba mai tafa mini." Kwana huɗu ke nan. Na dafa shinkafar mutum biyu sau uku bisa kuskure. Ina jin kunya, ina kuma kewarta, kuma ban san gurbin da ake rubuta wannan a takardar ofishinku ba.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon Mai Girma:

(a) A cire lamba 17, 18 da 19 daga taswira, a ɗauke allon da igiyar. Idan dole ƙauyenmu ya cike gurbi, ga tafki da ɓaunarsa, ba su da aure.

(b) A sanar da Farfesa gaskiya a ɓoye, ba a gaban ɗalibansa ba. Mutumin kirki ne, ya yaba wa aikina fiye da duk wanda na taɓa yi wa gini.

(c) A turo ma'aikatan daji su ɗauke guza, su taho da babban buhu. Gimbiya tana iya zama, ta riga ta sami ɗaki.

Daga ƙarshe ina sanar da hukuma, ba don raini ba sai don kada a ce na yi a ɓoye, cewa na sake sayen siminti buhu shida da ƙyaure ɗaya. Ranar Litinin, 13 ga Mayu, da ƙarfe bakwai na safe, zan tsallake igiyar in ɗora dutse a kan kufan, ko amsa ta iso ko ba ta iso ba. Na karanta allon, na san hukuncin, ba zan gudu ba, ƙafafuna ma ba za su yarda ba. Alfarma ɗaya nake nema. Idan za a turo 'yan sanda, a turo su ranar Alhamis da yamma. Aikin kwana uku ne, na huɗun na bushewa, kuma ina so in kira ta a waya tukuna.

Ina sake haɗa hannu ina neman afuwa kan ɓata wa Mai Girma lokaci.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Bunruang Saenkam,
Magini, Non Makam.