Na Yafe Wa Matata Rashin Haihuwa, Alhali Matsalar a Jikina Take

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu, barkanmu da ganin sabuwar shekarar Musulunci. Don Allah a ɓoye sunana, a kuma yi haƙuri da rubutuna, a aji uku aka kore ni daga firamare saboda na saka wa malami ƙadangare a aljihu. Kada a yi saurin tsine mini, ku bari in kai ƙarshe tukuna, in ya so sai ku yi layi.

Ni mutumin wani ƙauye ne tsakanin Kiru da Tiga, na haura hamsin, noman rani nake yi, tumatir da albasa, ko da yake yanzu buhun taki sai dai in tsaya in ba shi umarni. Tun ina yaro nake tari. Kaki mai kauri kamar ƙullun koko, ciki ba ya riƙe maiƙo, jiki kamar sillen kara, har a majalisa ake ce mini kada in fito ranar iska. Gumina kuwa gishiri ne, in na cire hula sai ka ga farin zane a bakinta. An ɗura mini maganin tarin fuka har na gaji, an ce sammu ne, an ce iska ce. Sai bara waccan kafin Babbar Sallah, a wani babban asibiti a Kano, likita ya sa aka gwada gumin, ya ce sunan ciwon sistik faiburosis, gadonsa ake yi, kuma nawa mai sauƙi ne shi ya sa na kai haka. Na ce masa ashe rabona ke nan a gado, 'yan'uwa suka kwashe gonaki aka bar ni da tari. Ya yi dariya, sannan ya tambaya ko ina da 'ya'ya. Na ce Allah bai ba matata haihuwa ba. Nan ya daina dariyar.

Ya ce yawancin maza masu wannan ciwo, hanyar da iri ke bi a toshe take tun daga haihuwa. Aka yi gwaji, aka ga ni ma haka nake. Ya ce, "Baba, mai yiwuwa iyalinka lafiyarta ƙalau."

Jama'a, matar nan, bari in ce mata Asabe, tana yarinya na auro ta bayan na rabu da ta farko, wadda na saka saboda rashin haihuwa, ta je Tudun Wada ta cika gidan wani da 'ya'ya. Ko jaki ne ai ya ci a ce ya gane, amma ni na ce rabo ne. Asabe ta sha jiƙe-jiƙe da rubutu, na kai ta wajen mai magani a Doguwa ya ba ta sassaƙen da ya kusa kashe ta. Dangina juya suke kiranta a bayan ido, wani lokaci ma a gaban ido. Ni kuma mai bakin barkwanci, sau nawa na ce a majalisa irina mai kyau ne, gonar ce fako, a yi ta dariya? Kuma ita ce kullum da safe take kifa ni a tabarma, ta dunƙule tafinta tana bubbuga mini baya har kakin ya taso in samu numfashi. Ranar da ta je biki ta kwana, kamar an ɗora mini turmi a ƙirji nake wuni.

Da shekarar bara ta kama na ɗaukar wa kaina alkawari uku: in bar zama kusa da hayaƙin masu suyar kifi, in sha magani a kan kari, in gaya wa Asabe gaskiya. Biyu na cika. Na ukun kuwa, in na buɗe baki sai tari ya zo, in bai zo ba in ƙirƙiro shi. Har malamin unguwarmu na tambaya, na ce wani abokina ne. Ya ce matar tana da haƙƙin ta sani, zama ko tafiya kuma zaɓinta ne. Ya dube ni da kyau ya ce in gaya wa abokin nawa ya ji tsoron Allah, ya kuma riƙa shan maganin tarinsa.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar cika-ciki ta bana ta dafa busasshen naman layya da ta adana, ta ajiye mini, maimakon ta tashi sai ta durƙusa. Ta ce, "Malam, shekara ta juyo, ba mu san wanda zai ga ta gaba ba. Ka yafe mini. Na tare maka gida shekara da shekaru ko ɓari ban taɓa yi ba, ka rufa mini asiri ba ka kore ni ba."

Wace dama ce ta fi wannan? Ga ta a gabana, ba kowa a gidan. Kun san abin da bakin nan ya ce? "Tashi Asabe, na yafe miki duniya da lahira. Ƙaro mini romo." Ta tashi tana share hawaye tana sa mini albarka. Ɓarawo ya yafe wa mai kaya.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba kunya kaɗai ke damuna ba. Asabe ta doshi arba'in amma har yanzu tana fashin sallah, kuma yayarta ta haihu tana sama da haka. In na faɗa yanzu ta tafi, wataƙila Allah ya ba ta ko ɗaya ne ta goya. Duk watan da na yi shiru, ƙofa nake tura mata. In kuma ta tafi, wa zai buga mini baya? Ni kaina na kasa rabewa, sonta nake yi ko hannunta nake tsoron rasawa?

Shekaranjiya ina banɗaki aka kira daga asibiti, ita ta ɗauka. Suka ce ranar Alhamis in zo da mai buga mini baya a koya mata yadda ya fi. Murna take ta yi, har ta wanke mayafinta. Ɗazu tana miƙo mini koko ta ce, "Malam, tunda gaban babban likita za mu, ka roƙe shi ya duba ni, ni ma, ko da sauran rabo."

In na hana ta zuwa na ƙara zalunci, in mun je a bakin likita za ta ji. Ni kuma bakina ya saba da wasa, ban san ta inda ake fara irin wannan magana ba. Don girman Allah ku ba ni shawara kafin Alhamis. Me zan yi?